Yadda Ake Shirya Gida da Iyali Kafin Ambaliyar Ruwa

Ambaliyar da ke addabar ƙasar Hausa iri biyu ce, kuma ya kamata mai gida ya san wadda ta fi kusa da shi kafin ya kashe ko sisi a kan shiri. Akwai wadda kogi ke kawowa, irin ta kwarin Haɗeja da Ringim da Auyo, ko ta bakin Rima da Kwara da Binuwai. Wannan takan zo ne daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, tana hawa sannu a hankali, wani lokaci ma gari garau babu ko hadari, domin ruwan da aka zuba a nesa ne ko wanda aka saki daga madatsa ya iso. Irinta ce ta 2012, shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda ta raba mutum fiye da miliyan biyu da muhallinsu a Najeriya, haka kuma ta 2022 da ta ci rayuka sama da 600. Akwai kuma wadda ke afkowa cikin dare ɗaya, kamar yadda aka kwana lafiya a Maiduguri aka tashi cikin ruwa a Satumbar 2024 bayan madatsar Alau ta ɓalle, ko ta Mokwa ta ranar 29 ga Mayu, 2025, wadda ta zo da asuba ta hallaka fiye da mutum 150. Ta farko tana ba mutum kwanaki, ta biyu kuwa mintoci kawai take bayarwa.

Shekara da shekaru muna wannan aiki a unguwarmu duk bazara, kuma abin da na tabbatar shi ne, abu biyu ne suka fi kashe mutane: katangar ƙasa da ta sha ruwa ta faɗo cikin dare, da kuma ƙoƙarin ƙetare ruwa mai gudu. Dukansu biyu ana iya yanke hukuncinsu tun ƙasa tana bushe. Saboda haka lokacin wannan aiki shi ne Maris zuwa Mayu; wanda ya bari sai marka ta kankama ya makara da yawancinsa.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Na gyaran gida: shebur, diga, fartanya, baro, tsani, guduma, ƙusoshin kwano, wayar ɗauri ko langa-langa, fenti kaɗan mai haske, da ƙasar gini mai kyau. A haɗa da buhunan da aka juye, na shinkafa ko na masara, da yashi, da tamfol ko leda mai kauri.

Na ajiya: bokitin fenti mai murfi wanda aka wanke, ledoji masu kauri, duro mai murfi idan akwai, buloli da katako na yin dandamali, da jarkoki masu lita 25 waɗanda ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a cikinsu ba.

Na ranar fita: tocila da batir, ƙaramar rediyo mai batir, batirin ajiyar cajin waya, usur, igiya mai ƙwari wadda ta kai mita goma ko fiye, doguwar sanda, dogon takalmin roba, gidan sauro, sabulu, ashana, maganin tsarkake ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs, da fakitocin gishiri da sukari na asibiti tare da ƙwayoyin zinc.

Ba lallai ne a saya a rana ɗaya ba. Idan kuɗi ya yi kaɗan, a fara da tocila, jarkoki, leda da igiya, sauran kayan aikin kuma a yi aro ko a haɗa kuɗi da maƙwabta.

MATAKI NA 1: SAN INDA RUWA KE BI

Ka je wurin dattawan da suka fi daɗewa a unguwa ka tambaye su iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, da ta inda ya shigo, da ta inda ya fita. Yawancin sababbin unguwanni a kan tsofaffin kududdufai da fadamu da hanyoyin rafi aka gina su, kuma wanda ya sayar maka da fili ba lallai ne ya faɗa maka ba. Ka duba katangun siminti na maƙwabta da jikin bishiyoyi, sau da yawa za ka ga layin da ruwa ya bari. Idan aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ka fita bayan ya ɗauke ka zaga gidanka, ka ga inda ya kwanta da inda ya zaizaye, ka sa alama.

Sannan ka riƙa sauraron hukuma. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar sa ido kan koguna, NIHSA, kuma tana fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da take hasashen ambaliya za ta shafa, gidajen rediyo kuma suna karanta su da Hausa. Wanda ke ƙasan madatsar Tiga ko Challawa ko Goronyo ko Bakolori ya sa kunne musamman ga sanarwar sakin ruwa. Kuskuren da na fi gani shi ne a ce bara ma an yi gargaɗi ba abin da ya faru. Hasashe ba alkawari ba ne, amma asarar wanda ya shirya ruwa bai zo ba ita ce wahalar kwana biyu kawai.

MATAKI NA 2: GYARA RUFI DA KATANGA

A nan ya kamata mafi yawan ƙarfinka da kuɗinka su tafi. A damunar 2024 a Nijar gidajen ƙasa masu ɗimbin yawa ne suka rushe a Maraɗi da Damagaram, har tsohon masallacin Zinder mai tarihi ya faɗi a watan Satumba. Ginin ƙasa yana daɗewa matuƙar ana kula da kansa da gindinsa, amma idan ruwa ya zauna a ɗayansu ya gama da shi.

Idan soro ne, ka hau ka cire ciyawa da duk abin da ya tsiro, ka cike tsagogi, ka gyara gangaren yadda ruwa zai nufi indararo kai tsaye ba tare da ya kwanta ba. Kada ka riƙa lafta sabuwar ƙasa a kan tsohuwa kowace shekara ba tare da kankare wani abu ba, domin ƙasar idan ta jiƙe nauyinta yana ƙaruwa sosai, azara kuma tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Daga cikin ɗaki ka bi azarori ɗaya bayan ɗaya kana caka musu ƙusa. Wadda ƙusa ta shige ta da sauƙi gara ta cinye ta, a canza ta, idan babu hali a tokare ta da gungume mai ƙwari kafin a samu. Indararo ya zama dogo yadda zai jefa ruwa nesa da bango, a jera duwatsu ko fasassun buloli a inda ruwan ke sauka.

Gindin katanga kuwa a cike shi da ƙasa a daddaɓe, a yi masa gangare zuwa waje, ta yadda ruwa ba zai kwanta a jikinsa ba. A sabunta yaɓe, da makuba ko laso inda har yanzu ake samun masu haɗa su. Ga masu shafa siminti a kan bangon ƙasa akwai gargaɗi: simintin ba ya kama ƙasa sosai, yana rabuwa da ita, ruwa ya shige ta baya ya riƙa cin bangon a ɓoye alhali daga waje fes yake. Ka bi shi kana ƙwanƙwasawa da bayan guduma, duk inda ka ji ƙarar rami ka fasa ka duba. Katangar da ta karkata ko ta tsage daga sama har ƙasa, ra'ayina a rushe ta da hannu tun yanzu a kafa zana ko kwano na wucin gadi. Mutane kan ji kunyar zama babu katanga, amma katangar tsakar gida ita ce yara ke fakewa a gindinta.

Idan rufin kwano ne, iskar farkon damina ita ce abokiyar gabarsa. Ka sake buga ƙusoshin da suka ɗago, musamman na gefe-gefe da kusurwa inda iska ke fara kamawa, ka ɗaure katakon rufin da jikin gini da waya ko langa-langa, domin sau da yawa kwanon da katakonsa gaba ɗaya iska ke ɗagewa. Danne kwano da manyan duwatsu ba gyara ba ne. Idan iskar ta fi ƙarfinsu a kan mutane suke faɗowa. Rassan darbejiya ko wata bishiya da suka rufa a kan ɗaki ko wayar wuta a rage su, amma kada a sare bishiyar, tana karya ƙarfin iska.

MATAKI NA 3: BUƊE WA RUWA HANYA

Ka yashe rariyar gida, ka faɗaɗa ta idan ƙarama ce, ka sa mata raga don tare leda. Daga nan sai kwata da lambatu da bakin kwalbati, kuma wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, tunda wanda ya yashe ƙofar gidansa alhali na ƙasa da shi a toshe yake bai yi komai ba. A yi magana da mai unguwa da limami a sa ranar gayya, a fara daga ƙasa inda ruwan ke zuba, a haura zuwa sama. Abin da aka kwaso a kwashe shi a baro a ranar. Idan aka tara shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi. A ƙauyukan kwarin Haɗeja aikin ya haɗa da cire ciyawar kachala daga hanyoyin ruwa da ƙarfafa jinga, kuma waɗannan ma da rani ake yin su.

MATAKI NA 4: JERA BUHUNAN YASHI

Ka cika buhu zuwa rabi ko kashi biyu cikin uku kawai. Buhun da aka cika maƙil ba ya kwanciya, yana barin kafa tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ka shimfiɗa leda mai kauri a bakin ƙofa ta haura jikinta, ka kwantar da buhun tare da naɗe bakinsa ta ƙasa, ka tattake shi da ƙafa, sannan a layi na biyu kowane buhu ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa. Layi biyu ko uku sun isa ƙofa. Idan jinga ake yi mai tsayi, faɗin gindinta ya kai kamar ninki uku na tsayinta. Inda babu yashi a yi da ƙasa, inda babu buhu a gina ɗan dakali na bulo layi ɗaya ko biyu a bakin zaure.

Kada a jingina buhunan da bangon ƙasa, suna riƙe danshi. Kada a cika su tun Maris a bar su a rana, suna ruɓewa su yage. Kada kuma ka karkatar da ruwan zuwa gidan maƙwabcinka. Sannan ka sani cewa buhu yana tare ruwan da bai wuce gwiwa ba ne. Idan kogi ya taso da gaske, tsayawa gadin buhuna ɓata lokacin fita ne.

MATAKI NA 5: ƊAGA ABINCI, IRI DA TAKARDU

Ka yi dandamali da bulo da katako wanda ya zarce layin da ruwa ya taɓa kaiwa, ka jera buhunan hatsi a kai nesa da bango. Iri na shuka a zuba shi a duro ko jarka mai murfi a ajiye shi daban. Wanda yake da ɗan'uwa a kan tudu ya raba hatsinsa biyu ya kai rabi can, wannan ya fi kowace dabara da na sani. Takin zamani da maganin feshi da fetur su ma a ɗaga su, don taki narkewa yake, maganin feshi kuma idan ya shiga ruwan da ke tsakar gida guba ne ga mutum da dabba.

Takardun gida da na gona, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardun haihuwa da na makaranta, katin rigakafin yara da katin awon masu juna biyu, a sa su cikin leda biyu a ɗaure, a zuba a bokitin fenti a danne murfin. Kafin nan a ɗauki hoton kowacce da waya a aika wa wani amintacce da ke wani gari. Kuɗin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa ko cikin rami a kai banki, a bar ƙananan takardun kuɗi kaɗan a hannu, tunda ranar ambaliya sabis da masu POS sukan ɗauke tare.

MATAKI NA 6: JAKAR KO-TA-KWANA DA RUWAN SHA

Jaka ɗaya ce wadda mace ko babban yaro zai iya ɗauka, a rataye ta kusa da ƙofa, kowa ya san wurinta. A ciki a sa tocila, rediyo, usur, ashana a leda, sabulu, gidan sauro, kayan sawa kala ɗaya na kowa, audugar mata, da abincin da ba ya buƙatar wuta: garin rogo, sukari, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino. Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ko farfaɗiya ko sikila a ajiye masa maganin aƙalla mako guda, a riƙa sauya shi kada ya lalace.

Mutum ɗaya yana buƙatar kamar lita uku na sha a rana, idan aka haɗa da girki da tsafta kuma kamar lita 15. Gida mai mutum takwas ke nan jarka uku masu lita 25 za su ishe shi sha na kwana uku. A cika su tun Yuli, a ɗora a kan dandamali, a riƙa juyewa ana sabuntawa.

MATAKI NA 7: MASAI DA RIJIYA

Masai da ya kusa cika a kwashe shi kafin damina, a ɗaga bakinsa, a yi masa murfi. Idan dandamalinsa ya tsage kada a bari kowa ya hau bayan ruwa mai yawa, yana ruftawa. Bakin rijiya ma a ɗaga shi da bulo a rufe. Mai haƙa sabon masai ya nisanta shi da rijiya kamar mita 30, kuma ya kasance ta gangare ba ta tudu ba.

MATAKI NA 8: YANKE SHAWARAR FITA TUN KAFIN RANAR

Wannan mataki ba ya cin ko kwabo, amma shi aka fi tsallakewa. Ka tara iyalinka da rana tsaka ku tsayar da abubuwa huɗu.

Na farko, inda za a je: makaranta ko masallacin Juma'a da ke kan tudu, ko gidan dangi, kuma a nemi yardarsu tun yanzu. A san hanya biyu zuwa can, a bi su da ƙafa tare da yara, a lura da inda kwata da rijiyoyi da ramukan gini suke.

Na biyu, alamar tashi. Masu bakin kogi su kafa turke a wuri mafi gangare tsakanin gida da ruwa, su ja masa layi biyu da fenti. Ruwa ya taɓa na farko, a kwashe hatsi da dabbobi, a tura tsofaffi da masu ciki da ƙananan yara. Ya taɓa na biyu, kowa ya fita, babu sauran muhawara. Masu cikin gari alamarsu ita ce rariya: duk sa'ad da ta daina fitar da ruwa ta koma shigo da shi, lokaci ya yi. Amfanin alamar shi ne ta raba ka da gardamar tsakar dare, lokacin da zuciya ke cewa a ɗan ƙara jira yanzu zai janye. Yin haka kuma bai saɓa wa tawakkali ba.

Na uku, wa zai ɗauki wa. A ambaci suna: wane zai goya Kaka, wance za ta riƙe yara biyu, wane zai ɗauki jaka da bokitin takardu. A tuna da almajiran da ke kwana a zaure da maƙwabcin da ba ya gani ko ba ya iya tafiya. Yaran da suka yi wayo a haddace musu lambar waya ɗaya.

Na huɗu, mai gida ya faɗa wa matansa da bakinsa, a gaban kowa, cewa idan ruwa ya zo ba ya nan su fita kada su jira izininsa. Na san gidajen da mata suka tsaya cikin ruwa har ƙugu suna ta kiran wayar da ba ta shiga. Haka kuma kada a kulle gida ta waje da kwaɗo a bar mutane a ciki da damina.

Dabbobi a kai su tudu tun a layin farko tare da harawa da dusa. Idan ruwa ya riga ku, a kwance musu igiya. Dabbar da ke ɗaure a turke ba ta da wata dabara.

MATAKI NA 9: RANAR DA RUWA YA ZO

Idan aka kwana ana ruwa, babba ɗaya ya zauna a farke da tocila, a riƙa karɓa-karɓa. Ya duba bango: tsaga da ke buɗewa, yaɓe da ke ɓantalowa, ƙasa da ke zubowa daga rufi, ƙarar azara, ƙofar da ta ƙi buɗuwa alhali ɗazu lafiya take. Ko ɗaya daga cikinsu ya bayyana a fitar da kowa daga ɗakin nan take, gara a jiƙe a waje ƙarƙashin tamfol.

Kafin fita a kashe babban makunnin wuta da busasshen hannu ana tsaye a busasshen wuri. Idan ruwa ya riga ya kai wurin, kada a taɓa shi. A rufe tukunyar gas, batiran sola kuma a ce an riga an ɗaga su. A hanya a nisanci duk wayar wuta da ta faɗo da jikin turakun lantarki.

Ruwa mai gudu wanda bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babba, santimita 30 kuma tana iya ɗaga ƙaramar mota. Saboda haka kada a ƙetare shi da ƙafa ko babur ko mota, ko da an san hanyar, domin ba a san ko kwalbatin da ke ƙasa yana nan ba. Idan dole ne a ratsa ruwa kwantacce marar zurfi, na gaba ya riƙa dogara sanda kafin kowane taku, sauran su riƙe igiya a bayansa, jariri kuma a sauke shi daga goyo a ɗauke shi a kafaɗa inda ake ganin fuskarsa. Kwale-kwale kada a cika shi fiye da ƙima, kada a shige shi da dare.

Wanda ruwa ya ja a jefa masa igiya ko jarka marar komai da aka ɗaure bakinta, tana yin iyo da mutum. Wanda bai ƙware a ninƙaya ba kada ya faɗa ceto. Idan ruwa ya rutsa ku, ku hau ginin siminti mai ƙwari, ba soron ƙasa ba, ku riƙa busa usur da haska tocila. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, ta 'yan kwana-kwana a Nijar kuma 18, amma da yake ba ko'ina suke shiga ba, a riƙe lambar mai unguwa ko dagaci da ta jami'in hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) na ƙaramar hukuma.

Manoma da makiyaya kuma su kiyayi tsawa. Kada a fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai ko a tsaya a fili riƙe da fartanya, a nemi gini ko mota mai rufi, a jira kamar minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

MATAKI NA 10: KOMAWA GIDA

Janyewar ruwa ba ta nufin gida ya zama lafiya. Babba ne zai fara zuwa, da rana, tare da magini idan zai yiwu, domin bangon da ya sha ruwa yakan faɗi kwanaki bayan haka. Kada a mayar da yara kwana a ciki sai ya bushe an duba. Wuta kuma kada a kunna sai mai gyaran lantarki ya gani, janareto a ajiye shi a waje nesa da taga, hayaƙinsa yana kashe masu barci.

A sa dogon takalmi, a riƙa ɗaga kaya da sanda, tunda macizai da kunamu ma tudu suka nema, sukan shige buhuna da tarin itace da cikin takalma. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire masa zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Na Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da wannan, amma tun da rani ya kamata ka tambayi wanda ya fi kusa da kai.

Duk abincin da ruwan ambaliya ya taɓa a zubar, ruwan ya ratsa masai kafin ya iso. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna ma kada a ci, kada a ba dabba. Rijiyar da ruwa ya shiga a kwashe ta, a yashe, a nemi duba-gari su zuba mata magani. Kafin nan duk ruwan sha a bar shi ya kwanta, a tace da kyalle mai tsafta, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin tsarkakewa gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa a jira minti 30.

Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Idan babu fakiti, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a toza ba, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. Yara a haɗa musu da zinc na kwana 10 zuwa 14, mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono. Idan gudawar ta tsinke fara kamar ruwan wankin shinkafa, ko aka ga ido ya faɗa, kwalara ake zargi, tana iya kisa cikin sa'o'i, a tafi asibiti ana ba shi ruwan a hanya. Sauro kuma zai ƙaru bayan mako ɗaya ko biyu, kowa ya kwana a gidan sauro, zazzaɓi ya zo a je a yi gwaji.

Kafin a fara shara a ɗauki hoton ɓarnar, a kai suna wurin mai unguwa don rajistar da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA) da SEMA ke amfani da ita wajen rabon tallafi. Ba a biyan kuɗi don shiga wannan rajista. Sannan tun layin ruwan bai goge ba ka ja masa fenti a jikin wani abu mai ɗorewa ka rubuta shekarar. Idan za ka sake gini, harsashi da layukan farko su zama na dutse ko bulon siminti har su zarce wannan layi, daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida kuma ta fi titi. Idan kuwa dattawa sun tabbatar maka filin a kan hanyar rafi yake, ka nemi wani a kan tudu kafin ka sake zuba kuɗinka a wurin.